Waiwaye: Fas ɗin da ke faɗawa hannun abokan hamayya, daga hannun ɗan wasa ne ko daga tsarin koci?

Babu kakar ƙwallon Amurka da ke wucewa ba a tayar da wannan gardama ba. Da zarar wani kwatabak, wato ɗan wasan da ke tsaye bayan sahu yana jefa ƙwallo, ya yi fas biyu ko uku abokan hamayya suka cafke a wasa guda, sai magoya baya su rabu gida biyu. Wasu su ce yaron ba ya gani, ba ya karanta fili, a ajiye shi a benci. Wasu su ce a duba irin wasan da ake sa shi ya buga tukuna. A 'yan shekarun nan wutar ta ƙara ruruwa, saboda an ga 'yan wasa irin su Geno Smith da Baker Mayfield da Sam Darnold, waɗanda aka riga aka yanke musu ƙauna, sun sauya kulob sun dawo kamar ba su ba. Masu kallon da suka shigo kwanan nan suna ɗauka sabuwar magana ce. Ta girmi yawancinmu.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin tamu, abin ya yi kama da ɗan tsakiya da ake ƙirga masa fas ɗin da ya zubar. Wanda aka ce ya riƙa miƙa wa na kusa da shi zai gama wasa da lissafi mai tsafta, wanda kuma aka ce ya riƙa neman ɗan gaba ta tsakanin masu tsaron baya dole ya zubar. Bambancin shi ne a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wasannin kaka kaɗan ne, 17 kacal a yanzu, saboda haka kowace ƙwallo da aka cafke tana da nauyi, kuma sunan mutum ɗaya ake rubuta ta.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. An halatta jefa ƙwallo gaba a 1906, bayan mace-macen da aka yi a filayen kwaleji a 1905. A 1933 NFL ta ba da damar a jefa daga ko'ina a bayan layin fara wasa. Daga nan har shekarun 1970, fas abu ne na neman sa'a daga nesa: a yi ta gudu da ƙwallo, in an ƙure sai a cilla ta can gaba. George Blanda ya jefa 42 da aka cafke a 1962, kuma duk da haka kulob ɗinsa na Houston ya kai wasan ƙarshe na gasar AFL, kishiyar NFL a lokacin. Joe Namath ya yi ritaya da 220 da aka cafke a kan fas 173 na cin maki, yana kuma cikin zauren gwarzayen wasan. A lokacin, cikin kowane fas ɗari, biyar ko fiye suna ƙarewa a hannun abokan hamayya, ba wanda ya ɗauke shi abin kunya. Sai 1978, aka hana mai tsaron baya bangaje mai karɓar fas bayan yadi biyar, aka kuma bar masu kare kwatabak su miƙe hannu su buɗe tafi. Yawancin masu ba da tarihin nan a 1978 suke kafa tuta, su ce daga nan komai ya sauya. Yau adadin ya sauko ƙasa da biyu da rabi cikin ɗari.

Dokar 1978 ta yi aiki, ban musa ba. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya fi bayyana gaskiyar wannan gardama ya faru shekara takwas ko tara kafin dokar, a birnin Sinsinati na jihar Ohayo, a wani kulob jariri mai suna Bengals da ya fara wasa a 1968.

Bengals a lokacin suna hannun Paul Brown, mai kula da masu kai hari kuma wani mataimaki ne da ba a san shi sosai ba, Bill Walsh. A 1969 suka ɗauki Greg Cook, ɗan jihar, dogo mai hannu kamar majajjawa. Walsh ya taso ne a makarantar jefa ƙwallo nesa, ya yi aiki a Oakland inda haka ake wasa, don haka Cook ya zo masa daidai wuya. A shekararsa ta farko yaron ya yi fas 197, kowane ɗaya a matsakaici ya ci yadi 9.4, ya zama na ɗaya a AFL. An cafke masa 11, wato sama da biyar da rabi cikin ɗari, kuma babu wanda ya damu. Amma tun a wasa na uku, da Kansas City, aka danne shi ya ji rauni a kafaɗar da yake jifa da ita. Ya daure ya ƙarasa kakar da ciwon. Aikin tiyata na wancan zamani bai iya gyara kafaɗar ba, kuma ban da wasa ɗaya a 1973, bai sake bugawa ba. Walsh har ƙarshen rayuwarsa yana cewa da Cook ya tsira da lafiyarsa, da ana lissafa shi cikin mafiya girma da aka taɓa yi.

Wanda ya gaje shi a 1970 shi ne Virgil Carter, da ya taɓa bugawa Shikago. Carter yana da kai, yana da saurin ƙafa, yana jefa ƙwallo inda ya nufa, amma hannunsa ba ya kai nesa. Sahun masu kare shi ma ba ƙarfi gare su ba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Walsh ya zauna ya sake tsara wasan gaba ɗaya: maimakon a shimfiɗa filin a tsaye, sai a shimfiɗa shi a kwance. Kwatabak ya ja da baya taku uku ko biyar, ya saki ƙwallo kafin a iso gare shi. Mai karɓa ya san takun da zai juya, ƙwallo ta same shi yana cikin gudu. Idan na farko a rufe yake, akwai na biyu, akwai na uku, daga ƙarshe akwai mai gudu da ƙwallo yana jira a gefe. Fas na yadi biyar ya maye gurbin gudu na yadi biyar. A 1970 Bengals suka lashe rukuninsu. A 1971 Carter ya zama na ɗaya a NFL wajen isar da fas, kashi 62.2 cikin ɗari, kuma cikin fas 222 bakwai kawai aka cafke.

A tsaya a kalli waɗannan mutum biyu. Kulob ɗaya, koci ɗaya, dokoki ɗaya, tazarar shekara biyu. Babu wanda ya ga wasansu da zai ce Carter ya fi Cook baiwa, shi kansa Walsh bai ce haka ba. Amma a takarda, mai ƙarancin baiwar shi ne ya fi tsare ƙwallo, da tazara mai yawa. Abin da ya sauya shi ne nisan da ake jefa ƙwallon, da tsawon lokacin da take yi a sama, da kuma ko an tanadar wa mai jifa ƙofar fita in abu ya ɓaci. Ƙwallon da ta yi daƙiƙa uku a iska tana ba mai tsaron baya lokacin da zai iso. Wadda ta yi rabin daƙiƙa ba ta ba shi.

Akwai wani abu game da Carter da nake ganin ya kamata a riƙa faɗa. Yana wasa yana karatun digiri na biyu a Jami'ar Northwestern, kuma shi da malaminsa Robert Machol sun bi diddigin wasa sama da 8,000 daga kakar 1969, suka fitar da wani bincike a 1971 kan darajar riƙe ƙwallo a kowane yanki na fili. Sun nuna cewa riƙe ƙwallo dab da layin gidanka hasara ce a lissafi, darajar kuma tana hawa yayin da kake matsawa gaba. Daga wannan ne lissafin makin da ake sa ran samu, wanda masu nazari ke amfani da shi yau, ya samo asali. Ma'anarsa ga gardamarmu a fili take: cafkewa ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka cafke yadi hamsin can gaba a yunƙuri na uku, lokacin da damar kulob ta kusa ƙarewa, kusan daidai take da dukan ƙwallo da ƙafa da dama za a yi a bar wa abokan hamayya. Wadda aka cafke a gefe kusa da gida tana iya zama maki shida nan take ga abokan hamayya. Amma a jadawali dukansu ɗaya ake rubutawa.

Walsh ya bar Sinsinati bayan kakar 1975, bayan ya raini Ken Anderson a wannan tsari har ya zama na ɗaya a ƙididdigar masu jifa a 1974 da 1975. Ya karɓi San Faransisko a 1979, kuma a can ne aka laƙaba wa salon sunan Gaɓar Yamma, alhali a bakin kogin Ohayo aka haife shi. Kowa ya san Joe Montana, kwatabak ɗin da ya yi fice a hannunsa a can. Wanda ake mantawa shi ne Steve DeBerg, kwatabak ɗin da Walsh ya tarar a kulob ɗin. A 1978, dokar nan tana aiki, DeBerg ya yi fas 302 aka cafke 22. A 1979, da zuwan Walsh, ya yi 578 aka cafke 21. Adadin ya faɗo daga sama da bakwai cikin ɗari zuwa ƙasa da huɗu. Gaskiya ne 1978 ita ce shekararsa ta farko a fili, gogewa ta taimaka, amma gogewar shekara ɗaya ba ta rage adadi da rabi. A wannan kakar dai, a San Diyego, Dan Fouts yana jefa ƙwallo nesa a tsarin Don Coryell, aka cafke masa 24. Fouts ya ci wasa 12 cikin 16, daga baya ya shiga zauren gwarzaye. Kulob ɗin DeBerg ya ci biyu.

Masu cewa baiwa ce suna da hujja, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Brett Favre. Ya tashi a hannun Mike Holmgren, almajirin Walsh, a cikin wannan tsari na gajeren fas, amma ya gama da 336 da aka cafke, fiye da kowa a tarihi. Akwai mutumin da in ya hango ƙofa siririya zuciyarsa ba ta barinsa ya wuce. Wannan hali ne, kuma hali zanen dutse. Aaron Rodgers da ya gaje shi a Green Bay kuwa, a 2018 fas 597 ya yi, biyu kawai aka cafke. Na yarda akwai rabon ɗan wasa a ciki. Amma ko Favre ɗin, adadinsa ba ya zama wuri ɗaya: 29 a 2005, bakwai a 2009 a Minnesota, 19 a 2010 a kulob ɗin dai. Hannu ɗaya ne. Abin da ke motsi shi ne lafiyar masu karɓa, ƙarfin sahun da ke kare shi, da ko kulob ɗin yana gaba ko yana baya a zangon ƙarshe. Wanda ake ci da maki goma sha huɗu saura minti biyar ba shi da zaɓin taka-tsantsan. Shi ma Rodgers, a shekarar da ya fi kowa tsafta, kulob ɗinsa wasa shida ya ci.

Ga kuma sa'a, wadda masu gardamar ba sa son ambata. Ƙwallo ta bugi hannun mai karɓa ta tashi sama, a rubuta wa kwatabak. Ya jefa ta tsakiyar ƙirjin mai tsaron baya, shi kuma ya kasa riƙewa, ba a rubuta komai ba. Da yake abin da ake ƙirgawa bai wuce goma ko goma sha biyar a shekara ba, irin waɗannan huɗu sun isa su mai da mutum gwani ko su mai da shi abin zagi. Shi ya sa masu nazari suka lura cewa adadin cafkewa na bana ba ya faɗin na baɗi sosai, har wasu suka koma duba bidiyo suna ƙirga fas ɗin da ya cancanci a cafke, ko an cafke ko ba a cafke ba.

Misalin da aka fi jifan juna da shi a yanzu shi ne na Tampa Bay. A 2019 Jameis Winston ya ci yadi 5,109, fiye da kowa, da fas 33 na maki da 30 da aka cafke, a tsarin da ke neman nesa. Shekara ta gaba Tom Brady ya zo kulob ɗin, aka cafke masa 12, suka ɗauki Super Bowl, kofin gasar NFL. Masu cewa baiwa ce suka ce magana ta ƙare. Sai dai 12 ɗin nan ta fi abin da aka cafke wa Brady a kowace daga cikin shekarunsa na ƙarshe a New England, inda ya saba da gajeren fas. Shi kuma Winston ya koma New Orleans, aka rage masa nisan jifa da yawansa, a 2021 ya yi fas 14 na maki, uku aka cafke, kafin ya ji rauni a gwiwa a wasansa na bakwai.