Waiwaye: Yadda cocin Wharram Percy ya zama kufai

Duk lokacin da aka ce za a rufe wani tsohon coci a ƙauyukan Ingila sai muhawara ta kaure. Wasu su ce kuɗin gyara ne ya gagara, wasu su ce mutane ne suka bar ibada. Mai sauraro sai ya ɗauka jiya abin ya faro, alhali ya daɗe yana tafe.

A da, coci shi ne cibiyar ƙauye. Nan ake yi wa jariri baftisma, nan ake ɗaura aure, a harabarsa ake binne mamaci, manomi kuma ya kai ushirin amfanin gonarsa. Labarin da aka fi sani shi ne annobar 1348 zuwa 1349 ta kwashe jama'a, daga baya gonaki suka koma makiyayar tumaki saboda ulu ya yi daraja, ƙauyuka da dama suka watse.

Wharram Percy da ke Yorkshire na cikinsu, wajen shekarar 1500 ya tashi. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba, cocinsa na St Martin bai mutu tare da shi ba. Ya ƙara fiye da shekara 400 ana ibada a ciki, yana tsaye a kwari, ba kowa kusa da shi sai gidan limamin cocin da wani gidan gona. Mutanen ƙauyukan maƙwabta, musamman Thixendale, su suka riƙe shi. Su taka tudu da gangare ranar Lahadi, su ɗauko gawa a kawo nan, domin nan kakanninsu suke kwance. Da jama'a ta ragu ma ba a yar da shi ba, sai aka rushe ɓangarorin gefe, aka toshe bakunan da ke haɗa su da tsakiyar cocin da dutse, har yau ana ganin shacinsu a bango.

A 1870 aka gina wa Thixendale nasu cocin a ƙofar gida. Alheri aka nufa, kuma wa zai ga laifin tsohuwar da ta huta da hawan tudu cikin hunturu? Amma a ganina nan ne St Martin ya rasa ƙafafun da ke zuwa masa, ya koma na jefi-jefi. A 1949 aka yi ibadar ƙarshe. Bayan shekara goma wani ɓangaren hasumiyar ya rufta, daga baya rufin ma ya tafi.

Masu tonon tarihi sun yi aiki a wurin daga 1950 zuwa 1990, sun fito da ƙasusuwan mutum fiye da 600 daga makabartar. Yanzu 'yan yawon buɗe ido ne ke sauka kwarin a ƙafa.