Tallafin kuɗi kai tsaye ga gidajen talakawa: wa ake ba, nawa ne, kuma a ina ake samun tangarɗa?

A 2016 ne gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na ƙasa baki ɗaya na ba gidajen talakawa tsabar kuɗi maimakon hatsi ko taki. Ƙa'idar farko ita ce Naira 5,000 a wata ga kowane gida, amma ana haɗa na wata biyu a biya 10,000 lokaci guda. Kuɗin ya fito daga bashin dala miliyan 500 na Bankin Duniya, daga baya aka ƙara da dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su a ƙarshen 2017. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gwamnatin Tinubu ta sauya lissafin zuwa Naira 25,000 sau uku, wato 75,000 gaba ɗaya, da niyyar kai wa gidaje miliyan 15.

Ba a cike fom don neman wannan tallafi. Duk saƙon da ya zo ta WhatsApp yana cewa a latsa nan a yi rajista, na 'yan damfara ne. Ƙofar shiga ita ce rajistar talakawa ta ƙasa wadda NASSCO, ofishin da ke daidaita shirye-shiryen tallafa wa talakawa, ke riƙe da ita a Abuja, kowace jiha kuma tana da ofishinta da ake kira SOCU. Ana fara zaɓar ƙananan hukumomin da talauci ya fi yi wa katutu. Sai ma'aikata su shiga ƙauye su tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake ɗauka talauci ne a garin, ya kuma lissafa gidajen da ke cikinsa. A nan ne ake jin irin su "gidan wane ba sa hura wuta sau biyu a rana", ko "wance mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar". Idan an daidaita sunayen, masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida suna tambayar yawan mutane, irin rufin ɗaki, inda ake ɗebo ruwa, dabbobi da sauran kadara. Kwamfuta ce ke jera gidajen daga mafi talauci zuwa mai dama-dama, ofishin biyan kuɗi na NCTO kuma ya ɗebi na ƙasa.

Abu biyu ke yawan jawo rigima. Na farko, shiga rajista ba alƙawarin biya ba ne. Mutum zai iya ganin an rubuta sunansa, an ɗauki hotonsa, shekaru su wuce bai ga ko sisi ba, don gidansa bai faɗo cikin kason da aka ɗiba ba. Na biyu, gida ake ba, ba mutum ba, kuma gida a wannan lissafi shi ne masu ci daga tukunya ɗaya. Mai karɓa yawanci mace ce, uwar da ke kula da yara, tare da wani da aka rubuta zai tsaya mata idan ba ta nan. A gidan da ke da mata uku da tukunya ɗaya, suna ɗaya zai fito, sauran kuma sai yadda maigida ya iya sasantawa.

To me dubu biyar za ta yi wa gida? A kasuwa ba ta da yawa, amma lokacin da take zuwa shi ne magana. Ƙaramin manomi yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya biya bashi ya yi hidimar biki. Kafin Yuli rumbu ya ƙare, hatsi ya yi tsada, ga noma ya kankama. Sai ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago gonar wani don a ci abinci ranar, ko ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Bana ya ci baɗi ke nan. Gidan da ya san kuɗi na tafe ranar kaza yana iya tsayawa ya nome tasa gonar, mai shago kuma yakan yarda ya ba matar gidan bashin gero, tunda ya san ranar biya. Matan da ke karɓa sukan zuba wani abu a adashi, wadda ta kwasa ta sayi akuya, ko ta ja jarin ƙuli-ƙuli ko awara. Tsarin na dubu biyar ma da kansa ya ƙarfafa masu karɓa su kafa ƙungiyoyin ajiya. An ga haka a Nijar, inda shirin da aka fara a 2011 ya riƙa ba gida sefa 10,000 duk wata har tsawon wata 24, bincike kuma ya nuna ƙaruwar dabbobi da shiga adashi a gidajen da suka samu.

A Jigawa da Zamfara an yi wani gwaji daga 2013 zuwa 2019 da kuɗin gwamnatin Birtaniya, a Buji, Gagarawa, Kiri Kasama, Anka da Tsafe. Mace mai ciki ana ba ta Naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, har yaron ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Masu binciken da suka bi diddigi sun samu raguwar tsumburewar yara da ƙaruwar mata masu sana'a. Fargabar da ake yawan yi cewa kuɗin kyauta na sa lalaci ba ta tabbata a can ba.

Duk wannan amfani ya rataya ne a kan biya a kan lokaci, kuma a nan ne tsarin tarayya ya fi rauni. An sha yin watanni ba a biya ba, sannan a biya a dunƙule. Kuɗin da ya zo a Disamba ba zai hana cin bashin Agusta ba. Ga kuma hauhawar farashi: lokacin da aka tsayar da 5,000, mafi ƙarancin albashi 18,000 ne, ya koma 30,000 a 2019, amma tallafin bai motsa ba sai 2023. Shi kuwa 25,000 sau uku agajin gaggawa ne, ba abin da za a gina adashin shekara biyu a kai ba.

A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin karkatar da kuɗi, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci. Da aka dawo, sai aka ɗaure ƙa'ida: sai mai lambar NIN da asusun banki ko na waya za a tura wa. Wannan ya rage sunayen bogi, amma ya fi tace waɗanda aka yi tsarin dominsu. Tsohuwar da ke nesa da cibiyar rajista ba ta da NIN. Wata an rubuta ta Hauwa a rajista, a katinta Kulu ce, kwamfuta ta ƙi haɗa su. Wata layin wayar da ta bayar na ɗanta ne da ya tafi ci-rani, ko an rufe shi saboda daɗewa ba a sa masa kati ba. Idan kuɗin ya shigo, ga kuɗin mota zuwa gari, ga abin da mai POS zai cire, ga wanda zai ce a ba shi kati da lambar sirri ya ciro mata.

Ƙa'ida ba ta yarda wani ya karɓi ko kwabo ba don sa suna ko don "taimaka" wajen fitar da kuɗi, ko mai unguwa ne ko kansila. Wanda aka cire wa wani abu, ko biyansa ya tsaya, ya kai ƙorafi wurin jami'in tallafin a sakatariyar ƙaramar hukuma, in abin ya gagara ya wuce ofishin jiha. Ya tafi da takardar NIN da layin wayar da aka yi rajista da shi, ya kuma tabbatar sunan da ke banki ya yi daidai da na NIN harafi da harafi.