Gyaran jijiyoyin saƙo da ƙwayoyin tushe da iskar oksijin

Jijiyoyin saƙo su ne zaren da ya taso daga ƙwaƙwalwa da laka ya bazu cikin gaɓoɓi, yana kai umarnin motsi, yana dawo da labarin zafi da taɓi. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa hanyar jini da agara da wannan zare, shi ya sa ake ƙara "saƙo" don a bambance. Ƙwayoyin tushe (wani nau'in ƙwayoyin halittar jiki) da oksijin mai matsi dabaru biyu ne da masu bincike ke gwadawa don jijiyar da ta ji rauni ta farfaɗo da wuri.

Yadda jijiya ke warkewa

Saɓanin laka, jijiyar gaɓa tana iya sake toho. Idan ta tsinke, ɓangaren da ya rabu da tushensa yakan ruɓe, abin da Augustus Waller ya bayyana a 1850 bayan gwaji a kan kwaɗi. Daga nan ƙwayoyin Schwann, masu naɗe jijiya kamar robar wayar lantarki, su share tarkacen su jeru su zama hanya, sabon zare ya bi. Tafiyar hawainiya yake yi, kusan milimita 1 a rana. Wanda jijiyarsa ta tsinke a kafaɗa zai jira kusan shekara biyu kafin tohon ya isa yatsu, alhali tsokar da ta yi wata 12 zuwa 18 ba saƙo takan motse, da wuya ta dawo. Wannan tsere da lokaci shi ne tushen duk binciken.

A 1943 Herbert Seddon ya kasa raunin gida uku: jijiyar da ta sage kawai, wadda zaren cikinta ya yanke amma kubenta na nan, da wadda ta rabu biyu. Ta ukun sai tiyata: a ɗinke ta, ko a yanko wata daga sha-raɓar majinyacin a cike giɓin.

Ƙwayoyin tushe

Ƙwayoyin halitta ne da ba su gama zaɓar aikinsu ba. Ana samo su daga ɓargo, kitse, igiyar cibiya da cikin haƙori. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mayar da ƙwayar da ta girma ta koma ta tushe. A gwaji, akan zuba su cikin siririn bututu da ke haɗa bakin jijiya biyu, inda suke fitar da sinadaran da ke ciyar da toho, su rage kumburi. Mafi yawan sakamakon mai daɗi daga ɓeraye ya fito, kuma giɓin jijiyar ɓera gajere ne ƙwarai in an gwada da na mutum. Har yanzu dabarar ba ta zama magani tabbatacce ba, don haka mai tallata ta a kan kuɗi da alkawarin waraka abin tuhuma ne.

Oksijin mai matsi

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. A wannan jinya majinyaci kan shiga rufaffen ɗaki na ƙarfe ko gilashi, ya shaƙi zallarsa a matsin da ya ninka na waje sau 2 zuwa 3, kamar na minti 90. An yarda da ita ga masu nutso cikin teku, da gubar hayaƙin gawayi, da gyambon ƙafar masu ciwon suga. Ga gyaran jijiya kuwa, hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Tana iya taɓa dodon kunne, jefi-jefi ta jawo jijjiga.

A Kumasi da Akra

A Ghana, a unguwanni irin su Aboabo da Asawase na Kumasi da Nima ta Akra, raunin jijiya kan zo ta haɗarin babur, wanda kan fizge jijiyoyin kafaɗa hannu ya shanye, da yankan ƙarfe a wuraren aiki irin Suame Magazine, da ɗorin da aka ɗaure tamau. Ciwon suga ma na cin jijiyar ƙafa a hankali, mutum ya ce yana jin kamar tururuwa na yawo a tafinsa, ko silifa ta zame bai sani ba. Babbar asara ita ce watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe a gida. Asibitocin koyarwa na Komfo Anokye da Korle Bu ne ake tura masu bukatar tiyata, sai gashin ƙashi da takalmin hannu (abin da ake ɗaurawa ya tallafe hannun) don kada gaɓa ta ƙage. A duk zuwa likita kan ƙwanƙwasa hannun da ɗan yatsa, yana neman inda majinyaci zai ji tsam kamar lantarki. Idan wurin yana gangarowa wata bayan wata, jijiyar na tafe.