Masu tambaya kan koyar da kiɗa da waƙa a JSS, ga amsa sau ɗaya

Duk zangon karatu sai sababbin malaman CCA (darasin al'adu da fasaha) da 'yan TP (ɗalibai masu gwajin koyarwa) a nan Gombe sun dame ni da tambayoyi iri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Makarantarmu ba kayan kiɗa, ya zan yi?

Yaran ba su da hannu ne? Tafi, buga ƙafa, bayan benci, tsohon galan. Ya isa.

Sai na iya karanta nota, wato rubutun kiɗa?

A'a.

To da me zan fara?

Ba da allo ba dai. Ka sa su tafa sunayensu, gaɓa mai nauyi a ja, mara nauyi a gajarta, Hauwa daban Abubakar daban, nan take za su ji kari a kunnensu. Sannan ka raba aji biyu, rabi su riƙe bugu huɗu, rabi su shigo da amshi. Kuma 'yan matan nan da ke gaɗa a unguwa sun fi ka iya riƙe kari, ka bar su su ja.

Wani uba ya zo ya ce bai yarda 'yarsa ta yi rawa ba, me zan ce masa?

To wannan ba ta da amsa ɗaya, ya danganta da inda kake, abin da zai wuce lafiya a Kaltungo ko Billiri ba lalle ya wuce a Dukku ba. Ni dai ba na musu da uba kan addini, ban ga wanda ya ci riba a nan ba. Nakan ba shi kujera ya ga darasin da idonsa, sau da yawa abin da yake zato daban, abin da zai tarar taku ne da tafi, maza gefe mata gefe. In ya dage, yarinyar ta riƙe tafi ko ƙidaya daga zaune, kar a rage mata maki, kar a bari 'yan aji su tsokane ta. Amma fa ka fara sanar da shugaban makaranta, kar ka yanke kai kaɗai, wataƙila ma ya fi ka sanin mutumin.

Samarin JSS 3 sun ƙi buɗe baki.

Muryarsu ce ke fashewa, kunya suke ji, ba iskanci ba ne. Ka yi ƙasa da muryar waƙar kaɗan, kar ka tsayar da ɗaya shi kaɗai gaban mata. Zai wuce.

Malamin lissafi na ajin kusa yana ƙorafin hayaniya.

Yana da gaskiya. Ku fita gindin dogonyaro.