Balbela ba kaska take ci a jikin shanu ba

Duk wanda ya bi ta fadamar Rima wajen Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato, ya san balbela, farar tsuntsuwar da ba ta rabuwa da garke. An daɗe ana cewa kaska take cire wa shanu, shi ya sa take bin su. Ba haka abin yake ba.

Ku kula da inda idonta yake: a ƙasa, gefen kofato. Saniya na tafiya tana tayar da fara da sauran ƙwari daga cikin ciyawa, ita kuma tana cafkewa, har da kwaɗi da ƙananan ƙadangaru. Shi ya sa take bin garmar manomi, ko ta tsaya gefen wutar daji inda babu saniya ko ɗaya. Takan tsinci kaska jefi-jefi, amma ba ita ce cimarta ba. Ai 'yar uwar zalɓe ce, farauta a ƙasa da bakin ruwa ta gada.

Mai cin kaska na gaske shi ne carki, tsuntsun da ke maƙalewa a jikin dabba da ƙumbansa. Shi ma yakan tone gyambo ya sha jini. Abin da ke damuna shi ne makiyayin da zai ga balbela ta cika garkensa ya fasa duba kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya, inda kaska ke taruwa.