Kwana a coci daren 31 ga Disamba: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kirsimeti na wucewa sai tambayoyin nan su taso. Ga amsa, 'yan'uwa, a daina tare ni a bakin ƙofa bayan sujada.

Littafi Mai Tsarki ne ya ce a kwana a coci?

A'a. Al'ada ce, mai kyau kuwa.

To wa ya fara?

Kiristoci 'yan ɗariƙar Morabiya a Jamus, a ƙarni na 18. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ya ɗauka, 'yan Metodis suka yaɗa. Ba fastonku ba ne.

Me ya haɗa daren da baƙar fatar Amurka?

Ranar 1 ga Janairu 1863 umarnin Shugaba Lincoln na 'yanta bayi zai fara aiki, shi ya sa daren 31 ga Disamba 1862 suka taru a majami'u suna addu'a, suna jiran gari ya waye. Kafin nan sabuwar shekara ranar kuka ce a wurinsu, domin ranar ake ba da hayar bayi ko a sayar da su, a raba uwa da ɗanta.

Ke nan sha biyu na bugawa kowa ya 'yantu?

Ina! Jihohin da suka yi tawaye a yaƙin basasar Amurka kaɗai umarnin ya shafa. Bayin Galveston a Texas ma sai 19 ga Yuni 1865 aka sanar da su.

Matasanmu suna so a kawo wannan tarihi a sujadar bana. Mu yarda?

Nan fa sai a bi a hankali. Ni dai ban ga laifi ba, amma ya danganta da wanda zai yi maganar da waɗanda ke zaune. Labarin Amurka yana da daɗin ba da wa'azi saboda mai laifin yana can ƙetaren teku. Mu ma an yi bauta a ƙasar nan, ba a soke ta ɗungurungum a dokar Arewa ba sai 1936, kuma akwai ikilisiyar da jikokin waɗanda aka kama ke cikinta, wani ya sani, wani iyayensa sun ɓoye masa. Idan matashi ya hau bagade da zafin kai, yana iya tono abin da dattawa suka yi shekaru suna lallaɓawa. Idan kuma aka hana, an nuna masa coci ba wurin faɗin gaskiya ba ne. Shawarata, su fara zama da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, a ba su minti goma, kada a kira sunan gida ko ƙabila. Amma cocin da ke zaɓen ma'aji da yare, gaskiya ya fara gyara wannan tukuna.

Me ya sa baƙar fatar Amurka suke da coci nasu daban? Ba duk Kirista ba ne?

Tambayi fararen fatar da suka ɗaga Absalom Jones, wani baƙar fata mai wa'azi, yana durƙushe yana addu'a a cocin St. George's na Filadelfiya. Shi da abokinsa Richard Allen suka fice, Allen ya kafa AME, ɗariƙar Metodis ta baƙar fata, a 1816.

Idan barci ya kwashe ni kafin sha biyu fa?

Ba zunubi ba ne, kwantar da hankalinka. Ka dai koma bencin baya.