Wasa da takobi mai kaifi: amsoshin tambayoyin da kuka turo min

Tun ranar da na sa hoton hannun ƙanina da bandeji a status mutane suka dame ni da tambaya, wasu a WhatsApp wasu kuma a bakin masallaci a nan Aboabo, Kumasi. Abin da ya faru shi ne yaron ya sayi irin takobin Japan ɗin nan ta intanet, yana kwaikwayon abin da yake gani a YouTube a bayan gida, ya zo mayar da shi kube sai bakin takobin ya bi ta cikin tafin hannunsa na hagu. Babu wanda ya sare shi fa, shi da kansa ne. Ga amsoshin a wuri ɗaya don na gaji da maimaitawa.

Wai a ina aka fi jin ciwo, ba wajen karawa da wani ba ne?

A'a, a abin da na gani dai mutum shi ke yanka kansa. Wajen zarowa daga kube, wajen mayarwa, ko hannu ya yi gumi ƙota ta suɓuce yatsu su zame kan kaifi. Sai kuma mai sara da adda ko takobi ya kai sara ƙasa da ƙarfi, abin ya wuce inda ya nufa ya sauka a ƙaurinsa ko gwiwarsa. Cinya ita ce abin tsoro don akwai babbar jijiyar jini a cikinta, in ta tsinke mutum zai iya rasa ransa cikin 'yan mintoci tun kafin a samo taksi.

Yankan ɗan ƙarami ne, jini ma ya tsaya. Sai na je asibiti?

Nan ne nake so ku tsaya ku karanta da kyau, don nan ƙanina ya kusa yin asara. Yankan nasa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, jini ya tsaya da wuri, Hajiya ta ce Alhamdulillahi abin ya zo da sauƙi. Sai da dare ya ɗauki kofin shayi muka ga ƙaramin yatsansa a miƙe yake shi kaɗai, sauran sun lanƙwashe shi ya ƙi. Ashe jijiyar da ke jan yatsan ce ta tsinke.

Mu a Hausa komai jijiya muke cewa, amma iri uku ne a hannu. Akwai ta jini, akwai wadda ke jan yatsu kamar igiya, akwai kuma wadda ke kai saƙon ji. Ta jan yatsu in ta tsinke ba ta haɗewa da kanta, ja da baya take yi kamar roba ta shige cikin tafin hannu, kullum aka ƙara kwana aikin ɗinke ta na ƙara wuya. Shi ya sa likitoci ke son a yi aikin cikin 'yan kwanakin farko. Bayan aikin ma hannu zai zauna a ɗaure wajen sati 6, kuma sai an kai kamar wata 3 kafin ka ɗauki abu mai nauyi, ga zuwa gashin hannu wajen masu fisiyo. Ta ji kuwa in an ɗinke ta tsiro take yi a hankali, kamar milimita 1 a rana.

To gwaji mai sauƙi: lanƙwasa kowace gaɓa ta kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ka shafa kan yatsun ka ji ko akwai wanda ya mutu kamar ba naka ba. In ɗaya ya ƙi, kar ka tsaya kemis, wuce asibiti. Mu a Kumasi sashen haɗari na Komfo Anokye ne, mutanen Ankara (Accra) kuma asibitin Korle Bu na da cibiyar masu irin wannan aikin gyaran.

Me zan yi a take in jini na zuba?

Samu tsumma mai tsabta ka danne wurin da ƙarfi, ka ɗaga hannun sama, minti 10 ba ɗagawa kana leƙe. In ya jiƙe ƙara wani a kai, kar ka cire na farkon. In jinin tsartuwa yake yi a hannu ko ƙafa kuma dannewa ta kasa, ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi tamau, ka riƙe lokacin da ka ɗaure don likita zai tambaya. Kira lambar gaggawa 112. In wuƙar ta maƙale a jiki bar ta a wurin, ita ke toshe jinin.

Kuma don Allah a daina zuba toka, garin taba, ƙasa ko man birki. Man birki fa jama'a! Na mota ne.

Idan yatsa ya guntule gaba ɗaya fa?

Naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, sa a leda ka ƙulle, sannan ledar ka sa ta cikin ruwan ƙanƙara. Kar naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ku tafi da shi tare da mai ciwon yanzu-yanzu.

Wuƙar sabuwa ce ba tsatsa, allurar tetanus dole ce?

Ba tsatsa ke kawo tetanus ba, ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma kun san yadda filayenmu suke da tumaki. In ciwon mai zurfi ne ko ya taɓa datti kuma allurarka ta ƙarshe ta wuce shekara 5, a sake maka. Wani abin da ba a tunawa shi ne ciwon hanta na Hepatitis B, ƙwayarsa na iya kai sati guda da rai a busasshen jini, don haka wuƙar da ta yanki wani ba a miƙa wa na gaba sai an wanke ta sosai.

To 'yan tauri fa, ai wuƙa ba ta kama su?

Baba, da girmamawa nake amsa wannan don na san a gabanka aka yi wasanni da yawa tun ba a haife ni ba. Ba zan yi jayayya da abin da manya suka gada ba. Abin da na sani kawai shi ne wuƙa ta fi yanka in an ja ta a kan fata fiye da in an danna ta, kuma wanda ya shekara 30 yana wasan ya san ƙarfensa ya san hannunsa. Yaron da wani ya ba shi laya jiya ya ce gwada a cikinka, shi ne nake jin tsoro a kansa.

Ba za a iya koyo sosai ba sai da mai kaifi, ko ba haka ba?

Masu abin ma ba haka suke yi ba. A Japan 'yan kendo da sandar gora suke karawa sanye da sulke, masu koyon zare takobi kuma da dasasshen takobi suke farawa shekara da shekaru. A Filifin masu arnis da sanda suke atisaye. Kai ko wasan takobin Turawa na Olamfik da ba shi da kaifi ya taɓa cin rai: a 1982 a gasar duniya a birnin Rum, takobin abokin karawar Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyet ya karye, guntun ya huda garkuwar fuskarsa ya shiga ta ido, bayan 'yan kwanaki ya rasu, kuma shi ne zakaran Olamfik na 1980. Bayan nan ne aka sauya irin ƙarfen da ake ƙera takubban da kayan kariyar.

Wanda ya tambaya ko zan sayar masa da takobin ƙanin nawa, yana ƙarƙashin gadon Hajiya, ta ce sai yatsan ya lanƙwasa tukuna a yi maganar. Shi kuma na kai wa kafinta a Asawase ya sassaƙa masa na katako, sidi 40 ya karɓa.